Ina Tafe a Ƙasa, Mota na Biye

Tun da na dawo daga Tawa ba ni da sakat a majalisarmu ta Ƙofar Kaura. Duk wanda ya miƙo mini hannu, kafin in gama amsa ban gajiya sai ya ce, "To Malam Lawal, yaya ka baro Nijar?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya wani ya tambaye ni ko gaskiya ne jandarmomi sun ɗaure ni da mazagin wandona a bakin iyaka. Ba wanda ya ɗaure ni. Amma akwai mazagi a cikin maganar, akwai kuma jandarma, don haka gara in rubuta abin sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni akawu ne a wata ma'aikata, mai tsaron fayil. Shekara shida ban taɓa ɗaukar hutu ba, domin a zamanin soja ba a san ranar da za a aiko neman takarda ba, kuma ba a son jin cewa mai makulli ya tafi ƙauye. Da farar hula suka karɓi mulki, sabon shugabanmu ya ce duk mai tarin hutu ya tafi ya ci abinsa. Aka ba ni wata guda. Kwana biyu na yi a gida na gane ban san abin da ake yi da hutu ba. Na kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau, na kasa mayar da shi.

Akwai abin da 'yan majalisa ba su sani ba a lokacin. Wata uku kafin hutun an same ni da ciwon sukari. Wadda ke duba ni a asibiti Sista Rifkatu ce, 'yar Filato, ta daɗe a garin nan har Katsinancinta ya fi nawa kauri. Ta ba ni ƙwayoyi da doka uku: tafiya a ƙasa awa guda kowace safiya, tuwo malmala ɗaya 'yar ƙarama, sukari kuwa ko a mafarki. Ranar da na gaya mata na sami hutu ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam Lawal, hutun ofis aka ba ka, ba hutun ciwo ba. In ka dawo na auna na iske bai sauka ba, allura za mu fara, kullum."

Kalmar allura ita ce ta hana ni sukuni, kuma ina da dalili. Wana, Yaya Sada, irin ciwon ke gare shi. An fara yi masa allura, bayan shekara aka cire masa yatsa, bayan wata shida aka cire ƙafar hagu daga gwiwa. Takalmansa na hagu har yau suna jere a bayan ƙofar zaurensa, an rasa mai zuciyar zubar da su. A lissafina allura ce bakin hanyar, wanda ya shiga ta nan ya san inda zai fita. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ni nawa gemun har ɗiga yake yi.

Maganar tafiya Binta ce ta kawo ta, mai ɗakina. Akwai wani Alhaji Illa a Tawa, falken albasa, wanda marigayi mahaifinmu ya sauke shekara da shekaru a shagon ƙofar gidanmu lokacin yana saurayi yana kawo kaya Babbar Kasuwa. Kowace shekara sai ya aiko direbobi su ce yana jiran ɗan maigidansa. Binta ta ce, "Malam, ka je can. Nan abokan tsire ba za su bar ka ba, can kuwa ba ka san kowa ba." Na ga maganarta da hankali. Da za ta haɗa mini kaya ta sa wani ɗan kwanon sha, ta ce iyakar tuwona ke nan. Sannan ta ɗauko sabon mazagi ta zagaya cikina daidai cibiya, ta yi ƙulli inda bakinsa ya tsaya. Ta ce in na dawo za ta gwada kafin ma ta ba ni ruwa.

Gwajin farko a motar Jibiya ya same ni. Mu tara ne a mazaunin mutum bakwai, kuma kowa da guzurinsa. Wata dattijuwa ta miƙo rake, na ce alhamdu lillahi. Ta sake miƙowa, na ce na ƙoshi. Ta uku ta ce, "Ɗan nan, ko ƙyanƙyamina kake?" Na karɓa na sa a aljihu. Na kusa da ni ya ga na karɓi nata, ya ba ni dabino. Wani ya ba ni alkaki. Kafin mu kai Magama aljihun rigata ya yi nauyi ya kuma yi danƙo, ƙudajen motar duka sun dawo wajena.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu da yawa ba. A Ɗan Isa ne jandarma ya zazzage jakata a kan tebur. Ya ɗaga kwanon ya juya shi, ya ɗaga ƙwayoyin ya karanta. Da ya zo kan mazagi mai ƙulli sai ya ja baya kaɗan, ya riƙe shi da yatsa biyu ya ce, "Wanga mi ne ne? Asiri?" Na ce awo ne. Ya ce awon mi. Sai kawai na ɗage riga a gaban layin fasinja, har da dattijuwar rake, na zagaya cikina, ƙulli ya haɗu daidai. Jandarman ya kira 'yan uwansa. Ɗaya bayan ɗaya suka gwada, har babbansu, wanda nasa ya rage fiye da taƙi guda bai haɗu ba. Shi ne ya tambaye ni wa ya sa mini wannan doka, gwamnati ko lokotoro, wato likita. Na ce matata. Ya buga mini hatimi yana girgiza kai ya ce, "Kuma ku aka ce kun rabu da mulkin soja."

Maraɗi mun shige ta da tsakar rana, na iske garin kamar an yi shara. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, masu gadi a miƙe ƙarƙashin bishiya. Na tambaya ko wani babba ne ya rasu, aka ce a'a, barcin rana ake, kullum haka ne. Motar Tawa sai gobe, don haka na kama ɗaki a wani gidan baƙi bayan tasha, mai katifar ciyawa da randa ɗaya ta kowa da kowa. Da safe na je teburin mai shayi na ce kada ya sa mini sukari. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya rage murya ya ce, "Malam, ba komai, tahiya ce, kowa tana iya kama shi." Ya zuba cokali uku ya ce sadaka ce. Ya ƙara da madarar gwangwani mai kauri har rabin kofi, da burodinsu dogo kamar sanda mai yanka dasashi. Na ci burodin gaya, na bar shayin, shi kuma ya bi ni da kallon tausayi.

Amma a Maraɗi na yi tafiyar ƙafata son raina, don ba wanda ya san ni. Na ɓata ma, awa guda ta zama biyu, na iso tasha ana shirin sayar da kujerata. Ban san ita ce tafiyar ƙarshe da zan yi ba tare da shari'a ba.

Hanyar Tawa doguwa ce. Mun wuce Madawa da Galmi, inda ko iska warin albasa take, muka karkata arewa, muka iso bayan la'asar. Alhaji Illa da kansa ya zo tasha, dogon mutum, ya rame fiye da yadda na san shi, yana ɗan ɗingishi. Ya rungume ni yana kuka yana kiran sunan mahaifinmu. A ƙofar gidansa na ga rago a kwance an riga an yanka. Ya tara mutanen gidan da maƙwabta ya ce, "Wanga Lawali ne, ɗan Malam na Katsina. Na je gidansu kamar sillen kara, ubanai ya ciyar da ni sai da na komo kamar buhun albasa. Alheri danƙo ne. In yaron ga ya koma Katsina yadda ya zo, ku sani Illa ya ji kunya." Kowa ya ce Allah ya kiyaye. Ni ma na ce Allah ya kiyaye, hannuna a aljihu a kan mazagi.

Da aka kawo abinci na fito da ɗan kwanona cikin ladabi na ce a nan na saba ci. Aka kai shi cikin gida. Ban san yadda aka fassara maganar a can ba, amma matan gidan sun ɗauka al'adar Katsinawa ce a ci a ƙaramin kwano a yi ta ƙari. Ina gamawa a ɗauke a ciko. Ranar farko sau biyar ya je ya dawo: dambu, shinkafa, naman rago, dambu kuma, sannan fura. In na bar saura, Alhaji ya aika a tambayi wa ta yi girkin, a canza. Na ga in na ci gaba da bari zan raba aure, sai na riƙa cinyewa.

Ga kuma shayi. A Katsina shayi abin karin kumallo ne, can kuwa aiki ne da ake zama a yi. Direban Alhaji, wani dattijo mai suna Sumaila, shi ne mai dafawa a 'yar buta kan gawayi. Zagaye uku ake yi, kowane ya fi na baya zaƙi, kuma wanda ya sha na farko ba ya tashi sai an gama na uku. Haka da safe, haka bayan azahar, haka da la'asar. Na ƙirƙiro dabarar kai kofin baki, in an juya in tuttular a yashi gefen tabarma. Kwana biyu dabarar ta yi. Rana ta uku tururuwa suka yi mini zobe, ni kaɗai a cikin mutum takwas. Sumaila ya dubi tururuwar ya dube ni, ya ƙara mini kofi don maye wanda ya zube.

Na ce to, abin da baki ya ɓata ƙafa ta gyara. Bayan sallar asuba na sulale daga masallaci na kama titi. Ban yi taku ɗari ba mai babur ya tsaya ya ce in hau. Na ce na gode. Na biyu ya tsaya. Mai amalanken jaki ma ya tsaya ya share mini wuri. Wani dattijo ya kama hannuna ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne baƙon Alhaji Illa? Mi ya haɗa ku? In wata magana ce, a yi haƙuri, a zamna a gyara." Ina cikin rantsuwar ba abin da ya haɗa mu sai ga Sumaila da mota, ya buɗe mini ƙofa. A gida na iske Alhaji zaune ya yi tagumi. Ya ce, "Lawali, mota biyu gare ni da kamiyo na ɗaukar kaya. Yau a kasuwa za a ce baƙon Illa na yawo a ƙasa. Mi na yi ma?" Na ce motsa jini nake yi. Ya ce in jinin ne, akwai wanzami.

Washegari na bi ta ƙofar baya, aka gano ni a wajen rumbunan albasa. Rana ta gaba na haƙura da titi, na riƙa zagaya ɗakina, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, ina duba agogo. Wata daga cikin gida ta hango ni ta labule. Kafin azahar an kawo malami ya yi mini rubutun sha, saboda an ce ko kewar gida ce ko kuma na taka wani abu a hanya. Rubutun ma da zuma aka haɗa shi.

A nan na yanke shawarar faɗin gaskiya, abin da ko a Katsina ban yi ba. Na sami Alhaji shi kaɗai na ce, "Alhaji, ba ni da lafiya. Ciwon sukari ne." Na zaci ƙarshen wahala ke nan. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Ya yi salati ya ce ashe majinyaci yake bari yana fita. Nan take aka shimfiɗa mini katifa biyu, aka hana ni zuwa ko masallaci. Masu dubiya suka fara layi, kuma a Tawa ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan kwalbar zuma, wancan dabinon Agadas, wata ta aiko kunun gyaɗa. In na ce an hana ni zaƙi, sai su ce ai zuma ba sukari ba ce, magani ce. Wani limami ya zauna ya yi mini bayani mai tsawo a kan warakar da ke cikinta, ni kuwa ba ni da ilimin ja da shi. Wani tsoho ya ce shi abin da ya sani, mai ciwo kwanciya yake yi, in tafiya magani ce da fatake ba sa mutuwa.

Gaskiya a kwanakin nan kaina ya ɗaure. Ina kwance ina kallon rufi, in tuna Sista Rifkatu mutum ɗaya ce, waɗannan kuwa gari guda ne, kuma duk ƙaunata suke yi. Ko su ne da gaskiya? In na ƙi ci na wulaƙanta amanar mahaifina, in na ci ina tafiya wajen allura da ƙafata. Kowace safiya in rufe ƙofa in gwada mazagi. Ran kwana goma ya rage yatsa ɗaya bai haɗu ba. Ran sha uku yatsa biyu, ko da na shanye ciki har ina ganin duhu. Na zauna bakin katifa na ji tsoro sosai, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fito da Yaya Sada daga ɗakin tiyata.

Rana ta sha huɗu Alhaji ya zo mu yi azahar tare a ɗakina. Muka fita bakin ƙofa da butoci. Da ya zo wankin ƙafa sai ya kwance wani tsumma daga ƙafarsa ta dama. A ƙarƙashin babban yatsa akwai gyambo, faɗinsa kamar kwabo, gefensa ya yi fari, tsakiyarsa ta fara duhu. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ƙusa ce ya taka a rumbu tun kafin saukar damina, yana sa mata man kaɗanya. Ya yi dariya ya ce, "Kar ka damu, ko zahi ba ta yi."

Na ajiye butar. Maganar Yaya Sada ke nan, kalma da kalma. Sai abubuwan da nake gani kwana goma sha huɗu ba tare da na lura ba suka taru wuri guda: ramar nan, gorar ruwan da ba ta barin gefensa, yawan tashinsa kewayawa a tsakiyar hira. Ina ta fama da cikina, mai masaukina yana zaune kusa da ni da ciwon da ya fi nawa nisa.

Bayan mun sallame na ce, "Alhaji, ka tuna Yaya Sada?" Ya ce yaya zai manta da Sada, wanda ke ɗaukar masa buhun albasa shi kaɗai daga mota zuwa shago. Ya ce ai direbobi sun ce ɗan ciwon ƙafa ke damunsa. Na ce mu muka ce su faɗi haka. Na gaya masa komai, daga gyambon da ba ya zafi har takalman da ke bayan ƙofar zaure. Ban taɓa faɗin labarin da bakina ba sai ranar. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya ce, "Ƙahwar Sada?" Na ce daga gwiwa.

Na ce mu je asibiti yanzu. Ya ce ba a Tawa ba. In aka gan shi a layin marasa lafiya, kafin magariba masu kai masa albasa sun koma wajen wani, an ce Illa ya ƙare. Na yi magiya, ya ƙi. Na ce to ni gobe zan koma gida, ba zan zauna ina kallo ba. Sai ya ce baƙo irina ba a sallamarsa a tasha, rakiya ake yi masa. Na ce rakiya har ina. Ya ce har inda ƙafar mai rakiya ta tsaya. Ya nemi kwana uku ya danƙa rumbunan a hannun ƙanensa.

A kwana ukun nan ne aka yi abin da ya fi yawo a bakin 'yan majalisa. Alhaji ya ce tunda tafiyar magani ce zan yi ta, amma ba yadda za a zage shi ba. Bayan asuba na fita na kama titi, Sumaila ya biyo ni da mota a hankali kamar mai bin gawa, Alhaji a kujerar baya ya sauke gilashi yana amsa gaisuwa. Duk wanda ya gani ya san baƙon Illa ba rashin mota ya sa shi tafiya ba, ga ta nan a bayansa tana shan mai a banza. Sai dai mutanen Nijar ma a lokacin suna shirin nasu zaɓen, kuma labari ya bazu cewa haka sababbin 'yan siyasar Najeriya ke yi. Rana ta biyu mutum shida suka bi ni. Rana ta uku sun fi ashirin, wani mahauci yana tambayata wace kujera nake nema, wani ya ce unguwarsu rijiya suke so. Na ce ni ciwo gare ni. Suka ce ai duk mai kishin talaka haka yake cewa. Har na baro garin ban san me suka ɗauke ni ba.

Shayi kuwa Alhaji ya ce a dafa mana namu ba sukari. Sumaila ya dafa, ya miƙo yana kau da kai kamar an sa shi aikata laifi. Alhaji ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Lawali, haka kake rayuwa?" Na ce ni ma tun da na zo ban samu na yi ba.

A Ɗan Isa jandarman nan ya gane ni. Bai nemi takarda ba, mazagi ya nema. Na ɗage riga. Yatsa biyu. Ya ce Allah ya sassauta mini hukunci.

Ba mu biya gida ba, asibiti muka zarce. Sista Rifkatu ta kwance tsumman, ta duba, ta dubi Alhaji ta ce, "Baba, mi kake jira da wannan? Sai ta yi magana?" Ta kira likita, aka auna jininsa, aka ba shi gado a ranar. Likitan ya ce akwai aiki, amma mun zo da sauran lokaci. Sannan Sista ta juyo kaina ta ce in dawo gobe ban karya ba.

Na dawo. Ta auna, ta rubuta, ta cire tabarau. Bai sauka ba, ya ma hau. Ta ce, "Mun yi alkawari." Na ce, "Sista, wana da allura ya fara." Ta ce ta san Malam Sada, ita ta karɓe shi ranar da aka kawo shi. Ta ce, "Allura ba ta ci ƙafar wanka ba, Malam Lawal. Wata huɗu ya yi yana ɓoye gyambo a cikin safa, ko matarsa ba ta sani ba. Da ba don allurar ba da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba." Shekara uku ina tsoron abin da ba shi ne ba. Na ɗage riga, yadda na saba yi wa jandarmomi, ta yi mini allurar a ciki. Cizon sauro ya fi ta zafi.

Binta ta gwada mazaginta kafin ta ba ni ruwa, kamar yadda ta ce. Ta dubi tazarar, ta buɗe baki, sai na ce mata a share shagon ƙofar gida, baƙon Baba zai dawo ɗakinsa in an sallame shi. Da ta ji dalili ta naɗe mazagin ta sa a ƙasan akwati, ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu kwalbar allurata tana ƙarƙashin randa inda ke da sanyi, kuma kowace safiya ina fita daga Ƙofar Kaura in yi awa guda. Masu babur na nan ma suna tsayawa, na gaji da bayani, hannu kawai nake ɗaga musu. Alhaji Illa ya yi sati uku a asibiti, yau kwanansa tara a shagon da ya kwana yana saurayi. Ran Juma'a aka kawo Yaya Sada a keke ya gaishe shi, suka daɗe suna riƙe da hannun juna.

Jiya Binta ta aiko masa da tuwo a ɗan kwanon nan. Ya cinye, ya miƙa a ƙaro, aka ce ai shi ke nan. Ya ɗaga kwanon ya leƙa ƙarƙashinsa ya ce, "Lawali, zamanin Malam ba haka ake yi wa baƙo a gidan ga ba." Na ce zamani ya canza, Alhaji. Yana ta mita ya miƙe ƙafarsa a kan tabarma don in canza masa bandeji, kamar yadda Sista ta koya mini. Na kwance a hankali. Gyambon ya tsuke, ya fara yin jan nama mai kyau. Kafin in naɗe na ƙirga yatsun, ko da yake na ƙirga su da safe. Biyar ne.